Anko Ɗaya Tsakanin Balan da Kademi

Assalamu alaikum, samarin rumfar caji ta bakin tashar Gaya, da duk wanda ya tsinci wannan rubutu.

Ni ne Ɗanladi mai atamfa, wanda yake jingine babur da yamma ya miƙa muku faffaɗar wayar nan a sa masa a caji. Rubutu ba aikina ba ne, ko firamare ban gama ba, amma kun ishe ni. Kullum sai wani a cikinku ya ce, "Baba Ɗanladi, kai kam ka huta, hoto kawai kake nuna wa mata su miƙo kuɗi." Wani ya ce shi ma da zarar ya sami tab, wato irin faffaɗar wayar nan tawa, zai fara. Rannan kuma ɗayanku, mai ɗan hankalin cikinku, ya tambaye ni tsakani da Allah ko tab tana da amfani ga mai sana'ar yawo. Na ce masa wannan ba amsar tsaye ba ce. To ga ta a zaune.

A hannun Malam Sale na koyi sana'a, Allah ya jiƙansa. Shi yana tura keke da atamfofi a ɗaure, ni ina binsa a ƙasa da ƙullin ƙyallaye a ka, daga Gaya mu bi ƙauyuka har mu ɓulla ƙasar Ajingi. Aikin farko da ya ba ni shi ne ninke turmi. Turmi shi ne yadi shida na atamfa, abin da mace ɗaya take saya. Na ninke, ya warware. Na sake, ya warware. Sai da ya ga na kusa kuka sannan ya ce, "Kai, ina takardar kamfani?" Ashe ciki nake ninke ta. Ya ce mace takarda take fara dubawa kafin zane, in ba ta gan ta a sama ba, za ta ce ɓoye mata kake yi. Daga nan ya koya min ɗaurin kaya da roba: masu nauyi a ƙasa, masu haske a tsakiya don kada su yi datti, leda a sama ko da gari garau yake.

Amma babban karatun a zaure yake. Ku kuna ganin ciniki da mata abu ne mai sauƙi. A gidajen da nake zuwa namiji baligi ba ya wuce zaure. Za ka yi sallama, ka zauna inda aka shimfiɗa maka, ka ba ƙofar ciki gefenka, kada ka fuskance ta. Masu sayen kayanka suna ciki, kai kana waje. Akwai matan da na yi shekara da shekaru ina sayar musu da zane, in muka haɗu a hanya ban san fuskarsu ba. Muryarsu na sani, da irin launin da suke so. Saboda haka a kowane ƙauye kana buƙatar dillaliya, tsohuwar da take shiga ko'ina, ta ɗauki kaya ta kai ciki ta dawo maka da magana. A Kademi tawa ita ce Inna Kande. Tun zamanin Malam Sale take, kuma har yau in ta gan ni sai ta ce, "Ɗan ƙulli, ka iso?" duk da furfurar da ta cika min gemu.

Ƙullin nan kuwa shi ne ainihin shagonmu. Kowace atamfa da muka sani a Kantin Kwari, Malam Sale yana da ƙyallenta, faɗin tafin hannu. Ba za ka iya ɗora kasuwa a kan keke ba, amma ƙyallayenta za su shiga ƙulli ɗaya. Inna Kande ta shiga da su, mata su baje a tabarma. Su murza su ji ko sitaci ne ya cika ta. Su tofa ɗan yawu su goga a farin tsumma su ga ko tana zuba. Wata ma ta ciro zare ɗaya ta kunna masa ashana: in ya zama toka auduga ce, in ya dunƙule roba ce, sai a aiko maka da baƙar magana. In kuma biki aka tashi yi, aka zaɓi anko, wato atamfa iri ɗaya da duk matan dangi za su ɗinka su sa ranar taro, to ƙyallen ba ya dawowa. Uwar biki ce take riƙe shi ta riƙa nuna wa 'yan uwa. Haka na tarar ana yi, haka na ci gaba da yi. Ban taɓa tambayar Malam Sale dalili ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Na yi keke, na koma babur, ina lallaɓawa, har shekarar da mai ya yi tashin nan da kowa ya sani. Ita ce kuma shekarar da ruwa ya ɗauke wa gero a wajenmu yana tsakiyar fitar da kai. Manomi in rumbunsa bai cika ba, matarsa ba ta maganar sabon zane. Sai in ɗora kaya har sun fi kaina tsawo, in ƙona mai zuwa Ajingi, in dawo da su yadda na tafi da su. Atamfa kuma ba ta jira. Wadda ake rububi bana, baɗi an ce tsohon yayi ce. Jarina ya kwanta a ɗaki cikin zannuwan da ba mai so, bayan babur ya lotsa saboda nauyi, ni ma bayana haka.

A cikin wannan hali ne wani mai gyaran waya a Gaya ya nuna min tab, ta hannu, gefenta ɗaya a ɗan fashe. Ya ce in je Kwari in ɗauki hoton duk atamfar da ke shago, in zagaya da hoto, abin da aka zaɓa shi zan sayo. Ba kwantai, ba nauyi. Na sayar da akuya na saya. Ya nuna min inda zan danna, ya nuna min yadda ake ware yatsu biyu hoto ya ƙara girma. Abin da na iya ke nan, har yau ban ƙara da yawa ba.

Ranar farko a kasuwar Ajingi na sha kunya. Na fito da ita da tsakar rana, mutane suka taru, gilashin ya zama madubi, ba abin da ake gani sai fuskata da gumi. Wani mai goro ya leƙo ya ce, "Malam, wannan atamfar mai gemu nawa ne turmi?" Aka yi ta dariya. Tun daga ranar na san tab 'yar inuwa ce. Kafin la'asar kuma ta mutu, don na bar haskenta a ƙure. Na dawo gida ban sayar da ko ɗankwali ba. A hanya kuma na faɗa wani rami, ta yi tsalle daga kan tanki, fashewar gefen ta ƙara tsawo. Shi ya sa kuke ganina da ita naɗe a tsohon zane, rataye a ƙirji kamar mai goyon gaba.

Da na kai ta Kademi, Inna Kande ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta, ta leƙa bayanta.

"Ɗan ƙulli, wannan farantin fa? Ina abin da za a zuba a kai?"

"Inna, kayan suna ciki. Haka za ki riƙa ja da yatsa."

"In na ja suka zube fa?"

Ta shiga da ita a kan tafin hannu kamar mai kai wa baƙo ruwa. Na zauna a zaure ina jin shewa daga ciki. Ta daɗe. Da ta fito, gilashin ya yi maiƙo da man ƙuli, an ɗauki hoton rufin ɗaki da ƙafar wata mata sun fi a ƙirga, kuma wata ta aiko a tambaye ni wace ce mai jan mayafin nan da ta gani bayan hotunan atamfofi sun ƙare. Matata ce. Washegari na sa aka cire duk hotunan gida.

Amma an zaɓi kaya, kuma a nan zan faɗi alherinta. A ƙaramar waya mace ɗaya ce take gani, ita ma sai ta matse ido. A tab mata huɗu biyar za su haɗa kai su gani tare, su yi gardama, kuma mata in suka fara gardama a kan zane to za a saya. Tsohuwar da idonta ya yi rauni sai a ware mata hoto har ta ga ƙwayar zanen. Babur ya huta, mai ya riƙa kai ni ya dawo da ni. Ruwa ya taɓa kama ni tsakanin Ajingi da Gaya, irin wanda a da sai na kwana biyu ina shanya atamfa a igiya. Na zura ta a leda na cusa a riga, na iso gida jiƙe sharkaf ina waƙa.

Abin da ba ta iya ba shi ne taɓawa. Ba a murza hoto, ba a kunna masa ashana. Kuma launin gilashi ba lallai ya zama launin shago ba. Wata mata a ƙasar Ajingi ta zaɓi kore shar, na kawo mata, ta aiko cewa ita koren ganyen rama ta gani, wannan kuwa koren miyar kuka ne. Na mayar na canzo, kuɗin mota da man babur duk a kaina. Saboda haka matan da suka riga suka san hannuna su ne suke saya ta hoto, baƙuwa ba ta yarda. Duk da haka ciniki ya tashi, kuma sannu a hankali na daina ɗaukar ƙullin ƙyallaye gaba ɗaya.

Yanzu ga aikin da nake so ku ji. Bayan kaka ne, a shekarar da ta biyo. An sami amfanin gona, bukukuwa sun yi yawa har ba ka san na wa da na wa ba. Na je Balan gidan Hajiya Mairo. Ita tsohuwa ce, mijinta ya rasu, da kanta take fitowa zaure, ba ruwanta da dillaliya. Ta ce za a yi wa ɗan ƙaninta aure, ita ce uwar biki, kuma anko take so na kece raini. Ta shiga da tab, ta fito ta ɗora yatsa a kan wata shuɗiya mai zanen mafici. Ta ce, "Wannan. Kuma kada in ji ta a bakin kowa." Haka al'adar take, anko sirri ne har ranar da za a fito da shi. Ban tambayi daga ina amarya take ba, ba aikina ba ne.

A makon nan na je Kademi. Inna Kande ta shiga gidan Hajiya Tabawa, matar wani tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, gidan da ko muryar mace ba ka cika ji daga zaure ba. Ita kuma 'yar wanta za a aurar. Inna Kande ta fito ta nuna min abin da aka zaɓa: shuɗiya mai mafici. Na ce a raina, Ɗanladi, Allah ya dube ka. Tafiya ɗaya, shago ɗaya, ga ragin mai sayen da yawa. Ƙauye daban, biki daban, ina ruwan wani da wani? Na sayo, na raba, kowa ya yaba.

Isyaku tela na cikin Gaya ne ya tsayar da ni, lokacin da biki ya matso. Ya ɗago min hannu daga kan keken ɗinki yana dariya.

"Mai atamfa, zo ka ga aikinka."

Shagonsa ya zama shuɗi tun daga ƙasa har igiya.

"Wannan tarin na matan Balan ne, wancan na matan Kademi. Duk ranar Asabar suke so."

"To sai me? Asabar ta mutum ɗaya ce?"

"A'a. Amma angon Balan, amaryarsa a Kademi take. Ka haɗa dangi biyu tun liman bai haɗa ba."

Na nemi benci na zauna. A nan, ina kallon shuɗin nan, na gane aikin da ƙyallen Malam Sale yake yi ba tare da kowa ya sa shi ba. In gida ya zaɓa, ƙyallen ya bar ƙulli, gida na gaba ba zai ma gan shi ba balle ya so shi. Hoto kuwa, ko duk garin ya zaɓe shi yana nan inda yake.

Ku samari za ku ce mene ne a ciki, ai kyau ma zai yi. Ba ku san mata da biki ba. Ranar ɗaukar amarya matan gidan ango za su zo gidan amarya. Da anko ake gane baƙi a ba su tabarma mai kyau da kular kaji. Da anko ake sanin ɓangaren da ya fi fitowa. In suka fito iri ɗaya, kowane ɓangare zai ce ɗayan ne ya leƙa ya kwaikwaya, kuma wa ya kai sirrin? Mai atamfa. Hajiya Mairo in ta ce kada a saya a wajenka, Balan ta rufe. Hajiya Tabawa in ta faɗi haka, Kademi ta rufe, har da ƙauyukan da 'ya'yanta suke aure. Garuruwan nan biyu kuwa su ne abincina. Na san wani mai sayar da kwanuka da magana ɗaya irin wannan ta mayar da shi dako a tasha.

Na fara zuwa wajen Inna Kande. Ta saurara, ta tauna goronta, ta ce, "Ka ga farantinka ko?" Sannan ta ce gara su ji daga bakinmu kafin su ji daga bakin tela. Muka tafi.

Hajiya Tabawa ta zo bayan labulen ƙofar ciki. Ranar na fara jin muryarta da ƙarfi.

"Malam Ɗanladi, mu za ka tozarta? 'Yar wana guda, a ce dangin miji sun zo mun jeru da su kamar 'yan firamare?"

"Hajiya, wallahi ban san biki ɗaya ba ne."

"To yanzu ka sani. Su canza."

"An riga an yanka, Hajiya. Rabi ma an ɗinke."

"Wa ya fara zaɓa?"

Na san amsar, na kuma san in na faɗe ta na gama yawo a Kademi. Na ce, "Hajiya, kowa da idonsa ya zaɓa, kuma duk idanun sun iya zaɓe." Inna Kande ta harare ni. Daga bayan labule aka ce, "Kada ka yi min daɗin baki." Sai na ji takun tafiya.

A Balan abin ya fi zafi, don Hajiya Mairo ido da ido take yi.

"Ɗan nan, ban ce kada in ji ta a bakin kowa ba?"

"Ba a bakina aka ji ba, Hajiya, a cikin abin nan aka gani."

"To abin nan na wane ne? Nawa?"

Ta ce ita ba za ta canza ko zare ɗaya ba, in mutanen Kademi suna da kunya su nemi wata, in ba haka ba kuma in daina jingine babur a ƙofar gidanta.

Na koma wa Inna Kande kamar wanda aka yi wa duka. Na same ta a ƙofar gida tana tsinke zogale. Ta ce, "Kai ba ka taɓa shiga taron mata ba, shi ya sa. A zaune ake yini, a cunkushe. Wa yake ganin zanen wata? Kai ake gani da kafaɗa. Ka raba su a mayafi." Na ce mayafin mata masu yawa haka, wa zai saya? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mai faranti."

Ribar atamfar nan gaba ɗaya, da ɗan abin da ke bayanta, a nan suka tafi. Ban yi dogon tunani ba. Ribar biki ɗaya ce a gefe guda, ƙauyuka biyu a ɗaya gefen.

Daga nan kuma tab ɗin da ta jefa ni a ciki ita ta fara fitar da ni. Na kira mai shagon da nake sayayya a Kwari, ya turo min hotunan mayafai. Na kai wa Hajiya Mairo. Da ta ji kyauta ne, fuskarta ta ɗan saki. Ta daɗe tana ja da yatsa, ta tsaya a kan ruwan gwal mai 'yan duwatsu a baki.

"Wannan. Su Tabawa kuma fa, su ma za ka kai musu su gani?"

"Ba za su gani ba." Na goge hoton a gabanta.

"Ina ya tafi?"

"Ya tafi ke nan, Hajiya."

"Ba ni in duba."

Ta ja gaba, ta ja baya, ba ta same shi ba. Ta miƙo min ta ce, "Da haka ka yi tun farko."

A Kademi kuma sabuwar rigima. Inna Kande ta shiga da sauran hotunan, ta fito da su ko kallo ba a yi musu ba. Hajiya Tabawa ta ji an fara kai wa Balan, ta ce ita ba ta zaɓe a ragowar kowa. Shago take so ta gani gaba ɗayansa, kuma ita ba ta zuwa kasuwa. Sai na tuna mai gyaran waya ya taɓa nuna min kiran nan da ake ganin juna. 'Yar Hajiya tana da babbar waya. Muka shirya da hantsi zan kira daga cikin shago.

Na yi sammako, na bar babur a tasha na hau motar Kano. Kafin in kira, na sayi duk ruwan gwal ɗin da ke shagon, na sa aka cusa shi a buhu a ƙarƙashin benci. Kiran farko bai shiga ba. Na biyu murya kawai. Daga baya Inna Kande ta ba ni labari: sabis a gidan sai a gindin darbejiyar tsakar gida, shi ma sai an ɗaga hannu, don haka a kan kujera 'yar tsugunno Hajiya ta hau, mata suna riƙe da ita. Da kiran ya shiga sosai, ban ga komai ba sai wani ja-ja, duhu-duhu. Na ce wa mai shago abin ya lalace. Ya leƙo ya kwashe da dariya ya ce, "Bai lalace ba. Babban yatsa ta sa ta toshe idon wayar, kada ka gan ta."

Haka muka yi cinikin. Ita tana ganin Kwari, ni ina ganin yatsanta. Na ɗaga tab da hannu biyu ina bin kanta ɗaya bayan ɗaya.

"Matsa hagu. Ba wannan ba. Wancan na sama, a warware shi. A'a, ya yi kama da labulen asibiti. Mayar."

Mai shago ya sauke, ya mayar, ya sauke, har ya cire hula yana fifita. Maƙwabtansa suka taru suna kallon mutumin da yake yawo da gilashi yana cewa "to, Hajiya, to, Hajiya". Alamar caji ta koma ja.

"Babu ruwan gwal ne?"

Na kalli mai shago. Ya matso ya ce, "Hajiya, yau da safe wani ya kwashe shi duka."

Can ta ce, "Na san masu shi. Ruwan gwal a kan shuɗi, ai sai mutanen Balan. Nuna min wancan ruwan hodar."

Ta sa aka kai shi bakin ƙofa ta gan shi a rana. Ta sa aka ɗora shi a kan shuɗiya mai mafici. Ta ce, "Shi." Ban kai ga cewa to ba, tab ta mutu.

To mai tambaya, ga amsarka. Tana da amfani, in kana da inuwa, da caji, da mutanen da suka riga suka yarda da kai. Ba don ita ba da shekarar tsadar mai ta sauke ni daga hanya, kuma da Hajiya Tabawa ba ta ga Kwari daga tsakar gidanta ba. Amma ba ta san wa yake auren wa ba, wannan aikinka ne. Yanzu duk gidan da ya zaɓi anko, a gaban uwar biki ko dillaliya nake goge hoton, kuma sai na ji garin ango da garin amarya kafin in ce to.

Ranar Asabar ɗin ban iya zaman gida ba. Mayafai sun isa hannun kowa, amma ba wanda ya ce min an huce. Na je Kademi bayan azahar, na zauna a gindin wata tsamiya kusa da gidan biki, inda maza suke. Motocin Balan suka iso, mata suka sauko, ruwan gwal yana ƙyalli. Daga cikin gida ruwan hoda ya fito tarya. Aka rangaɗa guɗa. Daga inda nake, wallahi ba ka ce zane ɗaya ne a jikinsu ba sai ka kalli ƙasa, kuma ba mai kallon ƙasa ranar biki. Suka shige, na zauna jiran hukunci.

A ƙauye ba a cewa an yafe maka. Kwano ake aiko maka da sunanka, ko a ƙi aikowa. Aka fitar wa maza abinci, suka ce bismillah, na ce alhamdu lillahi, don ba shi nake jira ba. La'asar ta yi. Sai ga Inna Kande da kwano a rufe, ita ma da ruwan hoda a ka.

"Ɗan ƙulli, in ji Hajiya Tabawa. Ta ce ƙanwar amarya ma an kusa sa mata rana, kada ka yi nisa."

Shinkafa ce da miya, nama har ya rufe ta. Na wanke hannu na fara. Ban yi nisa ba sai ga Hajiya Mairo da kanta ta fito ƙofar gida, ruwan gwal har ƙasa, wata mata tana binta da kula.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Hajiya Tabawa."

"Mu aka mayar marowata ke nan? Ajiye masa." Aka buɗe kula, rabin kaza ce daga rabon baƙi, da waina. "Ka ce mutanen Balan ne suka ba ka. Kuma ina nan tsaye."

Inna Kande ma ba ta tafi ba. Ta ce an ce ta koma da kwano, kuma za a duba cikinsa.

Na dubi kwano, na dubi kula, na dubi tsofaffin nan biyu. Na sassauta mazagin wando. Loma ɗaya Kademi, loma ɗaya Balan, ban fifita kowa ba, har na ga ƙasan kowanne. Da na tashi tafiya ƙafata ta kasa tayar da babur saboda ƙoshi, sai da maza suka tura ni har bakin titi.